Fenti Tsakanin Kore da Rawaya

Tsakanin kore da rawaya akwai launuka da dama da ake shafa wa bangon ɗaki: ruwan ɗanyen lemo, tsanwa mai haske, da wanda masu fenti ke kira "ya ɗan fi wancan". A Bahindi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, an fi faɗawa rigimar waɗannan launuka idan biki ya matso, ana gyaran ɗakin amarya.

Lamarin yana farawa ne daga katin launuka, inda kowane launi bai fi farcen yatsa girma ba. Magidanci yakan nuna ɗaya, ya ɗaga kai ya nemi ragi, kafin ya sauke ido ya manta wanne ya nuna. Idan kuwa gwangwanin daga Jamhuriyar Benin ya shigo ta iyakar Tsamiya, rubutunsa da Faransanci yake, mai shago kuma yakan fassara shi daidai da abin da mai saye ya ce yana nema.

Sai haɗi. Galibi ana sayen bokitin farin fentin ruwa, mai fenti ya ɗiga kala kore da rawaya, ya juya da sanda. Ma'auninsa ido ne kawai. Saboda haka idan bokiti ya ƙare saura bango ɗaya, haɗi na biyu ba ya haɗa uwa da na farko. A nan ne ake jin mai fenti yana cewa, "Maigida, bari ya bushe." Da gaskiyarsa, domin fentin ruwa yana sauya launi idan ya bushe, sabon filasta kuma yana shanye shafin farko. Abin da ba ya faɗa shi ne bangon ukun ma tuni suka bushe, kuma ba su da niyyar komawa su tarye shi.

Haske ma da nasa hukunci. Gwaggon amarya da ta leƙo da hantsi takan ce masallaci aka gina wa 'yarta. Kawun ango da ya zo bayan magariba, an kunna fitilar kananzir, sai ya rantse ruwan ɗorawa ne. Babu maƙaryaci a cikinsu, shi ya sa musun ke daɗewa.

Ranar jere mata ke yanke shari'ar: bangon da ya saɓa, shi ake jingina wa kabad ɗin kwanuka, a rufe sauran da labule. In bikin ya faɗo cikin hunturu, ƙura kan shafa nata launin a kan duka huɗun kafin amarya ta fara girki, kuma ba ta karɓar kuɗin aiki.