Sabon Mai Mota da Ayarinsa: Nazari kan Tafiyar Farko

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa domin a kwana a cikinta, mai gado da murhu da wurin wanka, kuma tun cikin shekarun 1950, lokacin da aka fara mai da ƙaramar bas ɗin Volkswagen ɗakin kwana a Jamus, iyalai suka ɗauki al'adar loda karnuka da abokai su nausa daji da sunan hutu. Mutanen ƙasar Gwandu ba su taɓa kukan rashin wannan mota ba, domin kowace 'yar Kwatano, wato motar da Bature ya gama cin moriyarta aka sauke ta a tashar jirgin ruwan Kwatano, tana iya zama ɗaki da zaure da garke a yini guda, muddin ta faɗa hannun sabon shiga. Sabon shiga kuwa shi ne wanda ya mallaki mota kafin ya mallaki tuƙi, wanda kuma aka fara kira Alhaji tun bai ga ko sansanin alhazai ba.

Tafiyar farko ta irin wannan bawan Allah takan faɗo ne a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Da yake masaukai sukan cika a lokacin bikin, sai ya yanke shawarar kwana cikin motarsa, ya ɗaure katifa da tabarmi a rufinta, ya tanadi risho da buta da gidan sauro. Kuskurensa guda ne, wato gaya wa amini ɗaya a asirce bayan sallar Azahar, domin kafin La'asar babu majalisar da ba ta san rana da sa'ar tashi ba.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro suna da tsari sananne: madugu shi ne shugaban ayari mai yanke hukunci, jagaba kuma shi ne mai shiga gaba saboda sanin hanya. Ayarin sabon shiga ya gaji muƙaman, amma ya bar aikin a baya. Mai motar yana da sunan madugu ba tare da ikon faɗa a ji ba. Jagaba shi ne abokin da ya riga kowa kama kujerar gaba, wanda rabonsa da hanyar tun kafin a cire Kebbi daga jihar Sakkwato a 1991, amma bai yarda wani abu ya sauya ba. A baya akwai masanin inji, wanda shaidar iliminsa ita ce majalisarsu tana kusa da garejin bakanike, kuma kowace ƙara ya ji sai ya kaɗa kai ya ce lagireto ne. Kusa da shi akwai wanda ya yi alkawarin sayen mai "idan Allah ya kai mu Jega". Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, an lura cewa wani irin barci mai nauyi yakan kama wannan rukuni na fasinjoji daidai lokacin da mota ta karkata zuwa gidan mai, ba ya kuma sakinsu sai an biya kuɗi an tashi.

Batun dabbobi ya fi kowanne buƙatar bayani. Bature yana tafiya da karensa ne don sha'awa, amma dabbar da ke shiga motar Bagwandare saƙo ce, saƙo kuwa amana ce da ba a iya ƙi ba tare da an ɓata zumunci ba. Da asuba maƙwabci zai iso da rago, ya ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri, wannan na surukaina ne, gidan yana nan bakin hanya," ba tare da ya fayyace wace hanya ba. Gwaggo za ta aiko da kaji ɗaure a ƙafa, wata dattijuwa ta ƙara da zabi a kwando, yara kuma su cusa kyanwarsu ƙarƙashin kujera ba da sanin kowa ba. Domin rago ya sami wuri a but, masanin inji yakan ba da fatawar a sauke safaya taya da jak, bisa hujjar cewa sabuwar mota ba ta faci. Shi ragon ba ya raina wurin da aka ba shi, sai dai yakan fara karin kumallo da gefen tabarma, ya sauko kan ambulan ɗin takardun mota. Saboda haka idan aka iso shingen jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, aka nemi takardu, madugu yakan gabatar da rabin da ya tsira, yayin da zabi, waɗanda ba su taɓa amincewa da tafiyar ba tun farko, suke amfani da buɗe ƙofa su watse cikin gonakin jama'a, jagaba na biye da su da babbar riga.

Hanya mafi sauƙi daga Gwandu zuwa Argungu ita ce a bi ta Ambursa, amma ba a san wani sabon shiga da aka bari ya bi ta ba. Dole a ratsa Aliero domin buhun albasa, a tsaya kasuwar Jega domin wani ya ga wani, sannan a biya Kalgo a kai wa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, garin kwaki da ƙuli-ƙuli daga mahaifiyarsa. Duk wannan ana yin sa ne a giya ta biyu, ƙafar direba ba ta rabu da kuloci ba, mutum huɗu suna koya masa tuƙi a lokaci guda alhali babu mai lasin a cikinsu. Taya takan yi faci ne a inda babu mai faci, a nan ne kuma masanin inji yake tuna cewa shi dama bai so a bar safaya ba.

Gasar kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu ba ta wuce kimanin sa'a guda, don haka ayarin yakan isa ne ya tarar ana ba da labarinta. Da dare abokai su miƙe a kan katifa da kujeru, kyanwa ta gaje gidan sauro, mai motar kuma ya kwana a waje kan guntun tabarmar da ta rage, igiyar rago ɗaure a hannunsa, domin har yanzu ba a gano gidan surukan ba.

Fulani makiyaya sun daɗe suna tashi da gida da iyali da garke a kan takarkari, wato san da aka hora domin ɗaukar kaya, ba tare da wani ya cusa musu zabin da ba nasu ba. Ana roƙon maƙwabta da dangi a Gwandu da Kalgo, duk wanda zai ba sabon mai mota saƙon rago, ya haɗa da igiya da harawa da cikakken kwatancen gida, ya kuma ɗora kuɗin lita biyar a kai.