Birkin Gaba Ba Maye Ba Ne

Na san tun daga kan maganar wasunku sun taɓe baki. Ina jiyo ku daga nan: "Wai yau kuma mu za a koya wa taka birki? Mu da muka fara hawan babur tun ƙafarmu ba ta kai ƙasa?" Allah ya huci zuciyar manya. Ban ce ba ku iya tuƙi ba. Mutumin da zai ɗaure buhun masara biyu a bayan Boxer, ya ɗora ƙaninsa a kan buhunan, ya taso daga Likoro ya isa Hunkuyi bai zubar da ko ƙwaya ɗaya ba, ai ba a kiransa ɗan koyo. Tafiya kam kun iya ta. A kan tsayuwa ne nake da 'yar magana.

Ranar Juma'a mai zuwa, in an idar da salla a Kudan, kada ku yi saurin tafiya. Ku bi layin baburan da aka jera a bakin masallaci, da izinin masu su, kuna matsa mariƙin nan na hannun dama. Wani za ku ji ya tafi salalau har ya taɓa roba, kamar ka gaisa da marar lafiya. Wani wayarsa ta tsinke tun daminar bara. Wani kuwa yana nan garau, sabo fil kamar ranar da aka fito da shi daga kwali, don mai shi bai taɓa ba shi aiki ba sai rataya ledar tumatir. Ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce daga Kudan har Paki: "Birkin gaba kifar da mutum yake yi."

An mayar da shi maye ke nan. Kowa ya san wani da ya san wani da birkin gaba ya kama.

To, ni ma ya taɓa kama ni, kada ku ɗauka daga littafi nake magana. Ina saurayi, na dawo daga Makarfi da damin rake a baya, akuya ta faɗo mini a wani wuri da yashi ya kwanta a gefen kwalta. Na damƙi mariƙin nan da dukan ƙarfina kamar na cafke ɓarawo a kasuwa. Kafin in ce innalillahi, ni a gabas, babur a yamma, rake ya watse, yara sun samu walima. Akuyar ko waiwaye ba ta yi ba. Washegari na kai babur wurin wani bakanike, ya sassauta wayar gaba har ƙarshe, ya ce ya raba ni da fitina. Na gode masa, har da ɗan ƙarin kuɗin shayi. Na yi shekaru ina yawo da rabin birki ina ganin na yi dabara, sai ranar da wata motar tumatir ta tsaya cak a gabana, na take birkin ƙafa, tayar baya ta ƙulle, na tafi suuu ina kallon bodin motar yana matsowa, babu abin da zan ƙara. Allah ya taƙaita, a gwiwa da fitila abin ya tsaya. A ranar na gane ashe akuya ba ta kayar da ni ba, birki ma bai kayar da ni ba. Hannuna ne ba shi da ladabi.

Kawu, kai da ke can kana girgiza kai, bari in tambaye ka. In direban bas ya taka birki, ina fasinja suke zubewa, gaba ko baya? Gaba. To haka nauyin babur yake yi. Da zarar ka fara rage gudu, nauyinka da na injin da na kaya duk sai su koma kan tayar gaba, su danne ta a ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau. Tayar da aka danne ita ke kama ƙasa. Wadda ta yi sakayau kuwa, ka ƙara mata birki kaɗan sai ta ƙulle ta fara jan ƙasa, ta bar wannan baƙin layin da samari ke alfahari da shi. Layin nan ba shaidar gwaninta ba ne, kuɗin tayarka ne ka shafa wa gwamnati a titi. Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur suke cewa a kan busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya sassauta wayar gaba, da ragowar yake yawo.

Ku dubi Indiya, ƙasar su Bajaj ɗin da muke hawa. Tun watan Afrilu na 2019 dokarsu ta ce ƙaramin babur sabo, wanda injinsa bai wuce cc 125 ba, ba za a sayar da shi a can ba sai an haɗe birkinsa, yadda in ka taka na baya na gaba ma zai kama, ko kuma a sa masa na'urar hana taya ƙullewa. Wato su ma sun ga irin halinmu a wurin mutanensu, suka gaji da wa'azi, suka sa ƙarfe ya riƙa matsa wa mutum abin da yake tsoro. Mu a nan har kuɗi muke biya a kashe shi.

Amma fa ba zan cuce ku ba, kuna da taku gaskiyar. A kan burji, ko yashi, ko taɓon fadama, ko inda ɓawon rake ya jiƙe a bakin kasuwa, tayar gaba ba ta da abin kamawa sosai. A nan birkin ƙafa ne babba, na hannu ɗan rakiya ne, a taɓa shi da lallashi. Haka in ka karya kan babur kana juyawa a hankali cikin lungu, ka matsa na gaba, ƙasa za ka sha. Haka kuma in akwai goyo ko buhu a baya, tayar baya ta samu mai danne ta, birkinta zai fi ci. Duk na yarda. Sai dai wuƙa ma tana yanka mai ita, ban ga mahaucin da ya dasashe tasa don haka ba.

Sirrin a matsawar yake. Ba fizga ake yi ba. Ka fara ɗora yatsu ka ja kaɗan, ka ji gaban babur ya ɗan duƙa, alamar nauyi ya sauka a taya ke nan, sannan ka ci gaba da ƙarawa. Kamar tatsar saniya: wanda ya fizga, shuri zai sha. Duk wannan cikin ƙiftawa biyu ake yin sa, amma a jere yake, na farko kafin na biyu. Ƙafar dama kuma tana nata aikin a lokaci guda, ba tare da ta take kamar mai kashe kunama ba.

Sai mu zo kan 'yan firi. Ina kuke? Ku matso, kada ku ɓuya a bayan Kawu.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, har lita ta zo ta haura naira 1,000 a 2024, kowane mai babur ya zama masanin tattali. Da an hango 'yar gangara sai a sa firi, wani ma har ya murɗa makulli ya kashe injin, ya tafi shiru kamar aljani. Ban raina talauci ba, tare muke bin layin mai. Amma ku yi lissafin da kyau. Injin da aka sakar wa totur mai kaɗan yake lasa, abin da ka tsira da shi a gangara ɗaya bai kai cikin murfin jarka ba. Abin da ka bayar kuwa babba ne. Babur da ke cikin giya, da ka saki totur injin da kansa yake riƙe tayar baya, wannan birki ne na uku da kamfani ya ba ka kyauta. Ka sa firi, ka jefar da shi. Duk nauyin ya koma kan lainin birki, shi kuwa birkin ganga irin na yawancin baburanmu in ya yi zafi sanyin jiki yake yi. Sannan in wata tirela ta taso maka ta baya, kana neman ka murɗa ka kauce, me za ka murɗa? Ka je ka tambayi kuɗin lainin birki, in bai ishe ka ba ka tambayi kuɗin hoton ƙashi a Shika, sai ka dawo mu sake zama a kan lissafin murfin jarka.

Akwai kuma 'yan'uwansu, masu damƙe kuloci tun daga nesa su taho a giya ta huɗu har su tsaya. Su ne za ka gani a mahaɗar Tashar Yari, hanya ta buɗe, manyan motocin Kano da Zariya sun ba da 'yar tazara, su kuwa suna nan suna tura babur gaba da baya da ƙafa, suna dukan giya ƙwas ƙwas ƙwas kamar masu sassaƙa turmi. Ba laifin babur ba ne. Giyar babur a jere take, kuma ta fi son a canja ta taya na juyawa. Wanda ya bari sai ya tsaya, dole ya roƙe ta.

Abin ba wuya. Ka hango inda za ka tsaya, ka saki totur, ka fara taɓa birki biyun. Gudu ya ragu, ka kama kuloci ka sauko giya ɗaya, ka saki kulocin a hankali, ka ji injin ya karɓa. Ya ƙara raguwa, ka sake saukowa ɗaya. In hannunka ya nuna, ka ɗan ɗaga totur kaɗan daidai lokacin da kuloci ke kame, sai giyar ta shiga lumus babu fizga. Dab da tsayawa ka kama kuloci gaba ɗaya, kana giya ta ɗaya, ƙafar hagu ta sauka ƙasa, ta dama na kan birki. Matakala ce, ɗaya bayan ɗaya ake sauka. Wanda ya diro daga ta huɗu zuwa ta ɗaya yana cikin gudu ya saki kuloci, injin zai yi kururuwa, sarƙa ta fizga, tayar baya ta yi tsalle, Hajiyar da ya goyo kuwa ta haɗa goshinta da ƙeyarsa, sauran bayani sai an isa gida. Masu roba-roba, kada ku ce ba da ku ake ba don ba ku da kuloci a hannu: ku saki totur tukuna kafin ku taka, kuma ku ma ɗaya-ɗaya. In kuma aron babur ka yi, ka tambayi yadda giyarsa take tun a ƙofar gida, don wani duk ƙasa ake takawa, wani ɗaya ƙasa saura sama.

Wani zai ce, "To Malam, yaro ya faɗo titi, duk yaushe zan yi wannan karatun?" Ba za ka yi ba. A nan ka manta da giya. Birki biyu, kuloci, babur a miƙe, ido a inda kake son bi, ba a kan yaron ba. Giya ta jira. Amma ka san wannan: mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gaya wa hannu, daƙiƙa guda ta kusa tafiya. Sannan in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Kwana kuwa kafin a shige ta ake gama rage gudu da giya. Wanda ya tuna da birki a tsakiyar kwana, gonar mutane zai kai ziyara.

Wani abu ƙarami da ake mantawa: in da giya kaɗai kake rage gudu, danjarka ba ta kamawa, na bayanka bai san ka yi niyyar tsayawa ba. Ka ɗan taɓa birki ko don fitilar. Wannan in akwai ƙwan ke nan, don wasu baburan rabonsu da danja tun ranar da suka je cin kasuwa garin Danja. Madubi ma haka, an cire an ajiye a ɗaki wai yana rage wa babur kyau, amarya na kwalliya da shi. In kuma ka ratsa rafi da damina, ka tafi kana ɗan taɓa birki har lainin ya bushe, kada ka bari sai ka buƙace shi ka tarar yana wanka.

Kanawa, na ga kuna dariya kuna cewa ai Zage-zagi sai a hankali. Ku yi a hankali dai. Ba mu manta ba, a watan Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, a garinku ne aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, labari har Ingila. Mutanen da suka tari kwalta da ƙwaryar fura ba su ne za su yi mana gorin birki ba.

Na san har yanzu Kawu bai yarda ba. Yana cewa shekara talatin yana hawa da birkin ƙafa kaɗai, ga shi nan da ransa, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, Kawu, Allah ya ƙara tsarewa. Amma gani ya kori ji. Ka sa a ɗaure maka wayar nan, a duba laini, a duba iskar taya. Mu haɗu bayan sallar asuba a inda kwalta ta miƙe babu yashi, kafin motocin kasuwa su fito, kowa da hular kwanonsa ta gaske. Mu ajiye dutse a gefen hanya. Ka taho a kilomita 30, kana isa dutsen ka taka na ƙafa shi kaɗai yadda ka saba, mu ƙirga taku nawa ka wuce. Ka koma ka sake tahowa, wannan karon da biyun, kana matsawa irin ta tatsa. Sau uku-uku, don na farko hannunka zai yi rawa.

In takun farko ya fi gajarta, damin rake na wuyana, mai kauri, ni zan ɗauko shi daga Makarfi in sauke maka har ƙofar gida. In kuwa na biyu ne, ba na son ko sisinka. Ledar tumatir ɗin nan kawai za ka nema wa wani wurin ratayewa.