Ni da Kyanwar Inna da Injin Shara

A gidanmu da ke unguwar Hausare a Garwa, masu faɗa a ji uku ne: Inna, sai uwargida, sai kyanwa. Ni ne dai mai biyan kuɗin wuta da na ruwa. Da aiki aka ɗauko kyanwar, lokacin da ɓeraye suka buɗe gidan biki a buhun gyaɗar Inna. Ta gama da su cikin ɗan lokaci, daga nan ta yi ritaya a kan dardumar falo, inda take karɓar fanshonta da kan kifin Binuwai safe da yamma.

Tun zuwanta hancina ya daina yi mini biyayya. Atishawa nake jerawa tun asuba, idanu ja wur, majina ba hutu, har maƙwabcinmu ya gaji da yi mini "yarhamukallah" ta kan katanga, ya ce in riƙa tarawa, zai biya a dunƙule ranar Juma'a. Da abin ya kai ga ƙirjina yana busa sarewa da dare, sai na je asibiti. Likita ya saurara, ya tambaye ni ko akwai dabba a gida, sannan ya yi mini bayani. Ya ce gashin kyanwa ɗan aike ne kawai. Mai laifin wani sinadari ne da ake kira Fel d 1, yana cikin yawunta da maiƙon fatarta. In ta lashe jikinta ya bushe, sai ya tashi cikin iska, ya manne wa labule da katifa da darduma, kuma saboda ƙanƙantarsa yakan daɗe yana yawo a ɗaki. "Alhaji," in ji shi, "ko dai ka rabu da kyanwar, ko ka rabu da ƙurar."

Na kai wa Inna maganar cikin ladabi. Ba ta ko ɗaga kai daga carbinta ba. Ta tuna mini da matar nan da ta shiga wuta a dalilin kyanwa, ta tuna mini da Abu Huraira, sannan ta rufe da cewa, "Kai kuwa, ɗan nan, atishawa ce fa kawai." Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, amma hukunci kan same ni daidai. Saura zaɓi ɗaya ke nan: in yaƙi ƙura, a Garwa, a tsakiyar hunturu.

Ya kamata a san girman abokin gabar. Farar ƙurar da ke rufe mana gadar Binuwai daga Disamba zuwa Fabrairu, akasarinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, gindin tsohon babban tafkin da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Masana sun ce duk duniya babu wuri guda da ya kai shi tayar da ƙura, kuma iska kan kwashe ta ta haye tekun Atlantika da ita har dajin Amazon. To, ƙurar da ta yi guzurin zuwa Brazil, ita na ɗaura ɗamarar tarewa a falona da jaka ashirin. Matan gidanmu sun daɗe da sulhu da ita: a yayyafa ruwa kafin tsintsiya, a bi da tsumma mai laima. Amma dardumar falo tsarabar Makka ce, ruwa ba ya taɓa ta, tsintsiya kuwa sai dai ta tayar da ƙurar ta zaga ɗaki ta dawo wurin zamanta.

Na nufi shagunan kayan gwanjo na Turai da sharuɗɗa a baki: inji mai araha, marar nauyi, mai kwashe gashin kyanwa. Mai shagon ya jawo wani jan ƙato daga bayan tsofaffin firij. "Alhaji, wannan na Jamus ne. Dubi nan, wat 2000." Ya kunna, ya ɗora bakin a tafin hannuna, sai da na ji kamar zai zuƙe mini zanen hannu. Na gwada ɗagawa, bayana ya amsa. Na ce ai da nauyi. Ya ce, "Haba Alhaji, nauyi ai shi ne inganci. Kuma ga taya." Na biya, na hau bayan ɗan acaba da injin a cinya, bututun nannaɗe a wuyana. Wani tsoho a bakin hanya ya ɗaga mini hannu yana tambaya ko Sodecoton ta fara rabon injin feshin auduga.

A gida na tara jama'a. Aka sa wa Inna kujera. Na yi bisimilla na danna. Rabon unguwarmu da jin irin wannan ruri tun Janairun 2022, ranar da Iheanacho ya jefa wa Masar ƙwallo a filin Rumde Ajiya. Kyanwa ta bi ta kan katanga ba sallama. Darduma kuwa ta fara fito da launin da muka manta tana da shi. Na tura gaba, na ja baya, ina jin kaina Bature. Sai na juya in karɓi yabo, na iske Inna ta yi fari fat tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. Ashe daidai bayan injin aka ajiye kujerarta, kuma duk abin da ya haɗiya ta gaba yana feso shi ta baya, ya ƙara laushi. A ranar Inna ta yi atishawarta ta farko a tarihin gidan. Da ta share ido ta ce, "Ɗan nan, da kuɗinka ka sayo mana hunturu?"

Mai gyara ya buɗe cikin ya yi dariya har da riƙe ciki. Jakar ƙurar ta yage, gurbin matata kuwa fayau, tun a Turai aka rabu. Na zaga gari neman irin jakar, babu, sai na kai wa tela yadi ya ɗinka mini. Ba ni na fara wannan dabara ba. A 1907 wani mai sharar kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, James Murray Spangler, wanda asma ta dame shi, ya haɗa injin fanka da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashi, ya ƙera injin shara na lantarki da ake iya ɗauka. A 1908 ya sami takardar mallakar fasahar, ya sayar wa William Hoover. Ni da shi ciwonmu ɗaya, jakarmu ɗaya, sai dai shi an biya shi.

Ɗan ƙanwata da ke jami'a a Ngaundare ne ya ƙarasa ni. Ya ce, "Kawu, wat ɗin nan ba ƙarfin zuƙa yake nunawa ba, yawan wutar da yake sha ne." Ya ce tun Satumban 2014 Tarayyar Turai ta hana shigo da sabbin injunan shara da suka wuce wat 1600 kasuwa, a 2017 kuma ta rage zuwa 900. Irin nawa tsofaffin yayi ne da suka biyo jirgin ruwa zuwa Duwala suna neman mai tsautsayi. Na duba mitar gidanmu, na gaskata shi. Ga shi kuma wutar garin daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka kammala a 1982, mai megawat 72, kuma in ruwanta ya ja baya da rani, kowa ya san sauran labarin.

Sai na koma ɗaya gefen. Ƙanin uwargida yana zirga-zirgar Jimeta, na ba shi saƙon mai batir, siriri, wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Ya iso da filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya, mu kuwa ramukan bangonmu zagayayyu ne irin na Faransa. Wannan mai sauƙi ne. Batirin ne ba ya kai rabin falo, kuma da zafin Afrilu ya haura digiri 40 sai ya riƙa suma tun kafin a kai ƙofa. A ɗan guntun ransa dai ya yi abin tarihi: ya haɗiye ɗan kunnen zinariyar uwargida. Ba ta ɗaga murya ba. Rariya kawai ta miƙo mini ta ce, "Alhaji, ga tsakar gida can." Na naɗe fuska da rawani, ni mai gudun ƙura, na zauna ina tankaɗe ta da hannuna. Na samo ɗan kunnen, da ƙwayar carbi, da dala biyar, da gashin da zai isa a haɗa wata kyanwar.

A kan wannan rariya na kammala karatuna. Mai irin lalurata, abin da zai duba a injin shara shi ne abin da ke fita ta baya. Yana bukatar matata irin wadda ake kira HEPA, mai tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3. Rubuta haruffan nan huɗu a kwali ba wuya, saboda haka sai an ga matatar da ido, an kuma tabbata robar da ke kewaye da ita ta zauna daram, don in akwai kafa iska za ta bi ta nan da kayanta. Sai a tambaya ko ana wanke matatar, da ko za a sami wata a Garwa in ta mutu. Gwajin kuwa na talaka ne: a duhunta ɗaki, a kunna inji, a haska tocila a mafitar iskar. Da na je sayen na gaba na roƙi mai shago ya rufe ƙofa ya kashe fitila. Ya dube ni, ya dubi tocilar, ya kira yaronsa ya tsaya a kan akwatin kuɗi, sannan ya kashe.

Wanda na ɗauko ƙarami ne, mai waya, wat ɗinsa bai kai 900 ba, matatarsa ana wankewa, kuma a ranar Garwa ba ta ɓata lokaci wajen bushewa. Aibinsa ɗaya: ba shi da jaka, in an buɗe kwandon sai ƙura ta yi wa mutum gaisuwa a fuska. Don haka na ɗauki ɗana aikin zubarwa a bayan gida, dala ashirin kowane zuwa, kuma na lura kwandon ya fara cika da wuri. An hana kyanwa shiga ɗakin kwanana, dokar da take bi idan ina kallo. Atishawa ta ragu sosai. Na ce aikin inji ne, uwargida ta ce damina ce ta faɗi.

Tunda kowa a gidan ya rantse ba zai taɓa "injin Alhaji" ba, sharar falo ta dawo wuyana, kuma 'yan majalisarmu sun naɗa ni Sarkin Shara ba tare da rawani ba. Jan ƙaton na sayar wa wani mai tsire a rabin kuɗi, yana hura gawayi da bayansa, yana sa mini albarka. Kwalin sabon kuma na adana shi a ƙarƙashin gado da rasiɗinsa a ciki, ko za a bukaci mayarwa. Shekaranjiya na ji motsi na jawo shi, na iske kyanwa ta haihu a kan rasiɗin, 'ya'ya huɗu. Na garzaya wurin Inna da maganar wa za a ba wa. Ta ce, "Arziki ya shigo gida kana neman mai karɓa? In za ka kasuwa, ɗan nan, ka ƙaro kifi."