Yadda Ake Auna Damuwa Kafin A Rubuta Ta Da Turanci

Ya kai ɗalibi mai neman ilimi a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko a Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, idan guzurinka ya ƙare, garin rogo ya koma gindin kwano, har ka ƙudura niyyar rubuta wa Baffa wasiƙa da Turanci don ya tabbata kuɗin makaranta bai tafi a banza ba, to wajibi ne ka fara auna damuwarka, kamar yadda dillali a kasuwar shanu yake zagaya sa, ya shafa tozo, ya dubi ƙirji, kafin ya furta kuɗi.

In lamarin bai wuce rashin kuɗin keke daga Lokuwa zuwa makaranta ba, worry ta wadatar, domin ita ce damuwar yau da gobe wadda shayi da burodi ke korewa. In kuwa jarrabawa ta ƙarato, barci ya ƙaurace maka, kana juyi bisa katifa kana lissafin darussan da ba ka halarta ba, rubuta anxiety, wato zullumi. Malamanmu na zaure tuni suka bambance hammu, wanda ke kan abin da ke tafe, da huznu, wanda ke kan abin da ya shige, zullumi kuwa ɗan gidan hammu ne. Dread fargaba ce, adana ta sai ranar da za a liƙa sakamako a allo. Kada ka kuskura ka jera ukun a jimla ɗaya, don Baffa zai zaci an kwantar da kai asibiti, ya biyo mota hankali tashe, ya iske ka gaban mai tsire.

Amma anguish, ina haɗa ka da Allah, kada ka taɓa ta saboda aljihu. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta ƙunci da matsi, mutanen garin nan kuwa ba a ƙamus suka san ta ba. A ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram suka faɗa wa Mubi, jama'a suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola, iyaye da yawa ba su san inda 'ya'yansu suka yi ba, sai cikin Nuwamba aka ƙwato garin. Wanda ya kwana a daji a waccan shekara, in idonsa ya faɗa kan kalmar nan, ba batun cefane zai fara zuwa masa a rai ba.