Allah Ya Ja Zamanin Gwanin "Wane Ya Faɗa"

Duk majalisar da ba ta da irinsa a Zakirai ta yi asara. Ana zaune a rumfar mai cajin waya, ɗalibin da ya zo hutu daga Jami'ar Bayero yana fama da bayanin ka'idar kwantam, har yana zane a ƙasa da tsinke, sai gwaninmu ya gyara zaman hula ya ce, "Kai yaro, ka fi Einstein ne? Shi kansa bai yarda da ita ba." Shi ke nan, an shafa fatiha. Ba lissafi, ba gwaji, ko alli ɗaya ba a ɓata ba.

Kuma ai bai yi ƙarya ba. Einstein ya ja da Niels Bohr a taron Solvay na 1927, a 1935 kuma shi da Podolsky da Rosen suka rubuta cewa ka'idar ba ta cika ba. Sai dai shi Einstein, bawan Allah, wahalar da kansa ya yi ya kawo hujja. John Bell ya ɗauki hujjar a 1964 ya mayar da ita abin da za a iya aunawa. John Clauser ya auna a 1972, Alain Aspect ya sake a 1982, sakamako ya faɗa gefen kwantam, har aka ba su kyautar Nobel tare da Anton Zeilinger a 2022. Kaico! Da sun biyo ta Zakirai, da gwaninmu ya hutar da su kafin shayi ya huce.

Ga shi da adalci, ba ya ware ɓangare. Ranar da aka kawo ka'idar David Bohm ta 1952, mai neman bayyana kwantam ta wata hanya, sai ya juya ya ce, "Manyan farfesoshi sun rufe wannan babi." A nan ma yana da magabata na kirki. A 1932 John von Neumann ya kawo lissafin da aka ɗauka ya toshe irin wannan hanya har abada. A 1935 Grete Hermann, wata Bajamushiya masaniyar lissafi, ta nuna inda lissafin ya yi rami. Wa ya saurare ta? Babba ya riga ya yi magana. Sai da aka kwashe shekara talatin kafin Bell ya sake tono ramin a 1966. Madalla da wannan biyayya!

Farantin solar da ke saman rumfar, mai cika wa gwaninmu waya kullum, yana aiki ne saboda haske ƙunshi-ƙunshi yake zuwa, abin da Einstein ɗin da kansa ya bayyana a 1905. Gwaninmu bai taɓa ɗaga kai ya tambaya ba, girma ya hana.

Yaran sakandare da ke gefe kuwa sun ɗauki darasi. Nan gaba ɗayansu zai tsaya gaban allo, yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa?" ya ce mata haka manya suka faɗa, ta zauna. Ladan nan duk na gwaninmu ne, kada a rage masa ko ƙwaya.