Kanikawan Gam da Gasket, Kowa da Irin Hannunsa

Daga Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake cinikin kayan gyaran mota, zuwa garejojin da ke jikin ganuwa ta wajen Ƙofar Mazugal, babu aikin da ke tona asirin bakanike irin sauya gasket. A baki ba wuya: a ɗaga kan inji, a share fuskokin ƙarfen biyu tas, a shimfiɗa sabon gasket, a ɗaure. A hannu ne ake rabuwa.

Na farko Malam Lafta. A wurinsa gam maganin kowace cuta ne. Zai matse bututu guda a bakin kwanon baƙin mai, ya shafe da ɗan yatsa, ya dube shi, ya ƙara. Da an ɗaure noti gam ya tumbatso waje, sai ya washe baki: "Alhaji, ko ɗigo ba za ka sake gani ba." Abin da bai faɗa ba shi ne yadda ya tumbatso waje, haka ya tumbatsa ciki. Can zai bushe, ya gutsuttsure, ya toshe rariyar famfon mai, mai ya daina hawa, inji ya buga. Gam siriri ake ja, a inda aka tanadar masa. Gasket ɗin sama na motocin zamani kuwa, mai ƙarfe hawa-hawa, a bushe ake sa shi.

Na biyu Sarkin Kankara. Shi da ragowar tsohon gasket gaba suke. Makamansa sukudireba da guduma da samfefa mai kaushi. Ya manta kan injin alminiyam ne, mai laushi, kowane ƙarzo hanya ce aka buɗe wa ruwa da wuta. Yashin samfefar kuma ya zube cikin ramukan mai, ya tafi yana cin inji a ɓoye.

Na uku Malam Ba-komai. Zai ajiye kan inji a tsakiyar ƙasa, ƙurar hunturu na sauka a kai, ya tafi cin shinkafa da wake. In ya dawo sai ya hura da baki sau biyu, ya goge da tsumman da ya gada daga ogansa. Ramukan noti cike da mai da ruwa, ka nuna masa, ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, gam zai riƙe." Gam kuwa ba ya kama fuska mai maiƙo.

Na huɗu Damtse. Ka tambaye shi sifana mai awo, ya nuna maka hannunsa. Ƙa'ida ita ce a fara ɗauri daga tsakiya a fito gefe, mataki-mataki, gwargwadon awon kamfani. Shi daga inda yake tsaye yake farawa, ya zura bututun ƙarfe a sifana, ya hau da dukan nauyinsa. In noti ya ce ƙas, nan take ya yanke hukunci: "Ai dama jabu ne."

Na biyar Tela. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, A Daidaita Sahu ta cika gari, kasuwarsa ta buɗe. Zai kifa takarda a kan murfin inji, ya bi gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa har gasket ya fito cif. Gwaninta ce ta gaske, in takardar gasket ce a hannunsa. Ranar da ta ƙare, kwalin taliya ne ke shiga aikin injiniya.

Na shida ba bakanike ba ne, mai motar ne, Alhaji Gaggawa. An ce kan injin ya lanƙwashe saboda zafi, sai an kai an daidaita fuskarsa, ya ce ba shi da lokaci. A Ƙofar Ruwa gasket mafi araha ya zaɓo. An ce gam na son awa 24 kafin ya bushe sosai, ya ce yana da ɗaurin aure a Wudil. Ba a jima ba sai ga shi da farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara, yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Na ƙarshe dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin Fijo 504. Reza yake bi a kwance, a hankali. Ya wanke da fetur, ya goge da ƙyalle mai tsabta, ya busar da ramukan noti, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar yana leƙen ko haske na ratsawa. In an kira la'asar, sai ya rufe injin da leda kafin ya tashi. Mutane na cewa nawa gare shi, ga tsada.

Mai karatu, in za ka kai motarka, dubi tsumman bakanike da inda yake ajiye kan inji kafin ka tambayi kuɗin aiki. Gam ba ya rufe ƙazanta, kuma wanda ya ƙi biyan dattijon nan sau ɗaya zai biya sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya.