Ma'ajin da Ya Ci Caca Bai Buga Ba

Jama'ar unguwarmu da ke Doka, a Kaduna ta Arewa, ba su naɗa ni ma'ajin kwamitin rijiyar masallaci domin na fi su ilimin lissafi ba, sai domin sun yi ijma'i a kan cewa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin akawu, ya kuma yi ritaya bai mallaki komai ba face tsohon babur da tarin littattafai, ko dai mai amana ne ko kuwa bai iya sata ba, kuma kowanne daga cikin biyun ya wadatar da su. A wannan muƙami ne na gaji wata kwamfutar cinya daga babban ɗana, wadda nake rubuta shige da ficen kuɗi a cikinta, in dare ya yi kuma in saurari tafsiri, wani lokaci ma, domin in san irin ɓarnar da zamani ke yi wa matasa, in kalli finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, tun daga farko har ƙarshe, don kada in yanke musu hukunci bisa jahilci.

Manhajar da ke buɗe mini waɗannan abubuwa ita ce VLC, mai tambarin ɗan mazurarin nan ruwan lemo da fari da ake jerawa a titi in ana gyara. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta birnin Paris ne suka fara ta a 1996, suka sake ta ga duniya kyauta a 2001, kuma har yau ƙungiyarsu, VideoLAN, ba ta karɓar ko sisi a kanta. Tawa a lokacin tun ta 2015 ce, ba ta taɓa saɓa mini ba, in ban da wata ɗabi'a guda: lokaci zuwa lokaci wani ɗan akwati mai launin toka yakan fito cikin ladabi, ya ce an yi sabuwa, ko ina so a sauko mini da ita? Ni kuwa in ce a'a, bisa hujjoji masu ƙarfi, domin data kuɗi ce, canza abin da ke aiki lafiya ya yi kusa da bidi'a, sannan duk wanda ya dage sai ya ba ka kyauta alhali ba ka roƙa ba, lalle akwai shubuha a lamarinsa.

Ana nan, bayan Ƙaramar Salla ta 2019, ɗan ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya zo gaisuwa, ya ga lambar manhajar, ya riƙe baki.

"Kawu, wannan ai gida ne ba ƙyaure. A watan nan na Yuni aka fitar da ta 3.0.7, kafofi 33 aka toshe a cikinta. Tarayyar Turai ce ma ta sa lada ga duk wanda ya gano ɓaraka ya faɗa."

Na ce masa, "Kai yaro, fim kallonsa ake yi. Ta ina ɓarawo zai shiga ta cikin kallo?"

Ya gyara zama ya yi mini bayani, kuma wajibi ne in faɗi gaskiya, ya iya bayani. Ya ce kowane fayil na bidiyo yakan sanar da manhaja girman kayan da ya ɗauko, ita kuma ta tanadi wuri daidai gwargwado. To, mugun fayil sai ya ce mudu ya kawo alhali tiya ce, a juye, hatsi ya tumbatsa ya zube inda kwamfuta ke ajiye umarninta, kuma a cikin abin da ya zube ɗan kutse ya riga ya cusa nasa umarnin, na'ura ta bi ba tare da ta tambayi mai ita ba. Ya ce a watan Mayu na 2017 masu bincike na kamfanin Check Point sun nuna cewa ko rubutun fassarar da ke bi ta ƙasan fim ya isa a ƙwace kwamfutar mutum da shi, a VLC da Kodi da wasunsu, suka kuma ƙiyasta mutum miliyan 200 ne ke cikin hatsarin. Kafin nan, a 2015, an gano wata kafa a wayoyin Android da aka kira Stagefright, wadda saƙon bidiyo guda kan iya bi ta cikinta tun mai waya bai buɗe ba, wayoyi kimanin miliyan 950. Da ya zo kan maganar rubutun ƙasan fim sai na yi gyaran murya, na ce wannan ta shafi masu kallon finafinai ne. Ya ce haka ne, Kawu. Ya yi alkawarin dawowa ya gyara, ya tafi, kuma irin alkawarin ɗalibi, Allah ne kaɗai ya san ranar cikarsa.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, domin lissafin kuɗin jama'a duka yana cikin na'urar, ga shi kuma a ƙarshen mako wani attajiri ɗan asalin unguwar, wanda ya ɗauki nauyin rabin aikin, zai zo daga Abuja a nuna masa bidiyon haƙar rijiyar. Na tashi na sayi data, na shiga intanet ina lalube, na faɗa wani shafi na sauko da finafinai, ba don komai ba sai don nan ne hanyar da na fi sani. Nan take wani jan akwati ya cika allo, yana walƙiya, yana ƙara, yana shelar cewa manhajar kallona ta tsufa, ina cikin halaka, in latsa nan kafin daƙiƙun da yake ƙirgawa su ƙare. Na ce madalla, yau ga mai magana da murya irin wadda ta dace da girman musiba. Na latsa. Ya nemi izini, na ba shi. Ya sake nema, na ƙara masa. Na kwanta da natsuwar wanda ya sauke farali.

Ranar taro, bayan sallar isha'i, aka hallara a zauren Mai Unguwa. An aro majigi, an kafe farin zanen gado a bango da ƙusoshi, an ta da janareta saboda an ɗauke wuta tun la'asar, Liman yana dama, attajiri yana hagu bisa kujera mai hannu, matasa sun cika ƙofa har waje. Na yi gajeren jawabi a kan amana da hisabin ranar gobe, na kunna. Injin haƙa ya bayyana yana huda ƙasa, jar laka tana ambaliya, attajiri yana gyaɗa kai, har ya fara laluben aljihu.

A daidai lokacin da ruwa ya ɓullo, jama'a suka ɗauki kabbara, sai rijiya ta ɓace, wata ƙatuwar ƙwallo ta maye gurbinta, takardun kuɗi suna zubowa daga sama, ga rubutun Turanci manya-manya. Wani yaro daga bakin ƙofa, wanda babu mai tambayarsa, ya ɗaga murya ya fassara: "Ana taya Baba Ma'aji murna, wai ya ci, ya sake zubawa ya ninka!"

Zaure ya yi tsit. Attajiri ya zare hannunsa daga aljihu a hankali, babu komai a ciki. Liman ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Ma'aji, me aka zuba?"

"Allah ya gafarta Malam, wallahi sharrin na'ura ne."

Na kai hannu in rufe, na latsa ɗan gicciyen da ke kusurwa, ashe shi ma tarko ne, sai ga wani shafi ya buɗe, wata baiwar Allah da tufafinta ba su kai nisabi ba tana murmushi, an rubuta cewa tana nan Kaduna kusa da ni, tana jira. Yaron ya buɗe baki zai fassara, wani ya toshe masa. Ni kuwa, saboda kishin addini da ruɗewa, maimakon in rufe idon majigin, sai na ruga na tsaya a gaban zanen na baza babbar rigata, wadda fara ce sol, an sa mata shuni da sitaci domin wannan dare. Hoton ya sauka a kan cikina, ya fi fitowa sarai fiye da yadda ya fito a zanen gado. Na matsa dama, ta bi ni rabi. Na tsuguna, ta koma bango. Ladan ne Allah ya ba basira, ya fita da gudu ya kashe janareta, muka zauna cikin duhu, ba ka jin komai sai salatin Liman da dariyar da matasa ke ƙoƙarin haɗiyewa.

Washegari aka kafa kwamitin binciken kwamiti. Suka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kuɗi cif, har da rarar da na cika daga aljihuna ranar da kuɗin siminti ya gaza, wadda wani daga cikinsu ya tambaya, cikin raha in ji shi, ko daga ribar ce.

Na saɓi na'urar zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta titin Ahmadu Bello, wurin wani matashi mai gyara da ke zaune tsakanin matattun kwamfutoci da kwanon ƙananan kusoshi. Ya duba, ya yi dariya har da tafa cinya, sa'an nan ya tuna da furfurata ya nemi afuwa.

"Baba, VLC ɗinka ko taɓa ta ba a yi ba, tana nan yadda take tun 2015. Abin da ka sauko da shi manhajar talla ce ta sa rigar sabuntawa. Allah ya taimake ka ba mai kwashe lambobin banki ba ce."

Ya nuna mini cewa sabuntawa ta gaskiya isnadinta a bayyane yake, daga cikin manhajar kanta take fitowa ko daga shafin VideoLAN, da sa hannun masu ita wanda na'ura ke tantancewa. Amma duk wadda ta tare ka a shafin finafinai tana ihu, ƙagaggiya ce. Galibi, in ji shi, da sunan manhajar Flash suke zuwa, kuma daga baya na ji cewa kamfanin Adobe ya yi wa Flash ɗin jana'iza a ƙarshen 2020, saboda haka mai ce maka ka sabunta shi yau maƙaryaci ne tun kafin ya rufe baki. Ya wanke na'urar, ya kira ɗan akwatin nan mai launin toka, ya latsa masa "to". Abin bai kai megabayit 50 ba, kuma kafin mai shayi ya miƙo mini kofi an gama. Kuɗin gyaran kuwa ya ninka na datar da na yi shekaru ina tattali.

Hukuncina a wannan mas'ala shi ne, alhakin yana wuyan Faransawan nan, domin wanda ya san akwai kafa 33 a gidan mutum bai kamata ya zo yana sallama ƙasa-ƙasa cikin launin toka ba, ya bar maƙaryaci da jan launi da ƙararrawa. An gama rijiya, ana sha, attajiri ya cika alkawarinsa, ko da yake ta hannun Liman ya aiko. Su kuma samarin da har yau suke tare ni a ƙofar masallaci suna tambayar wa zai ci tsakanin Arsenal da Chelsea, ina sanar da su ta wannan takarda cewa ban sani ba, don Allah su daina.